Edmund Burke

Edmund Burke (an haife shi ranar 12 ga Janairu, 1729, ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1797) ɗan siyasa ne, marubuci kuma masanin falsafa, haifaffen Ayilan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya. Ya shafe sama da shekara 28 a Majalisar Wakilan Birtaniya, daga 1765 zuwa 1794, a ƙarƙashin jam'iyyar Whig. An fi saninsa da littafin da ya wallafa a 1790 yana sukar juyin juya halin Faransa, wanda ya sa daga baya aka riƙa kiransa uban ra'ayin mazan jiya na zamani a ƙasashen Yamma. Tun kafin wannan littafi ya yi suna wajen neman a sasanta da Amurkawa, da neman sassauci ga mabiya ɗariƙar Katolika, da kuma gurfanar da tsohon gwamnan Turawa a Indiya, Warren Hastings.

Ra'ayi ɗaya ne ya haɗa waɗannan fafutuka: babu mai iko, sarki ne ko kamfani ko majalisar 'yan juyi, da ya isa ya yi mulki yadda ya ga dama. Kowa yana ƙarƙashin doka da ƙa'idojin ɗabi'a, kuma gyara ya kamata ya ginu a kan abin da jama'a suka gada. Tsayawa a kan wannan ra'ayi ya jawo masa asarar kujerarsa ta Bristol da rabuwa da babban amininsa na siyasa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Burke a birnin Dublin. Mahaifinsa, Richard Burke, lauya ne mai bin cocin gwamnati na Furotesta, mahaifiyarsa kuma, Mary Nagle, 'yar Katolika ce daga gundumar Cork. An tarbiyyantar da Edmund da 'yan'uwansa maza a kan ɗariƙar mahaifinsu, 'yar'uwarsu Juliana kuma a kan ta mahaifiyarsu. A wancan zamani Ayilan tana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, kuma akwai dokokin da suka hana 'yan Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a tsibirin, zama a majalisa, riƙe muƙamin gwamnati, aikin lauya da sayen gona. Burke ya yi wasu shekaru na ƙuruciya a wurin dangin mahaifiyarsa a kwarin kogin Blackwater, inda ya ga yadda waɗannan dokoki ke danne mutane.

A 1741 aka sa shi a wata makaranta a garin Ballitore, wadda Abraham Shackleton, mabiyin ɗariƙar Quaker, ke gudanarwa. Ɗan malamin, Richard Shackleton, ya zama abokinsa har ƙarshen rayuwa. A 1744 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin, inda ya kafa wata ƙungiyar muhawara ta ɗalibai a 1747, ya kuma kammala karatu a 1748. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a aikin lauya, don haka ya tura shi Landan a 1750 ya yi karatun shari'a a Middle Temple. Burke bai ƙarasa ba, ya karkata ga rubutu.

Asalinsa bai bar shi ya huta ba a siyasar Ingila. Abokan hamayya sun riƙa yaɗa cewa ɗan Katolika ne a ɓoye, masu zanen barkwanci kuma suka riƙa zana shi da tufafin limaman Katolika.

Rubuce-rubucen farko da aure

Littafinsa na farko, A Vindication of Natural Society, ya fito a 1756. Gatse ne ya yi wa salon Lord Bolingbroke, wanda ya yi amfani da hankali zalla wajen sukar addinin wahayi. Burke ya ɗauki hujjojin nan ya ɗora su a kan gwamnati da zaman tare, don ya nuna cewa idan aka bi su har ƙarshe babu abin da zai tsira. Wasu masu karatu sun ɗauka da gaske yake, har sai da ya ƙara gabatarwa a bugu na biyu yana bayyana manufarsa. A 1757 ya wallafa wani littafin falsafa a kan bambancin abu mai kyan gani da abu mai kwarjini da ban tsoro. Littafin ya karɓu har a Jamus, inda Immanuel Kant ya tattauna shi.

A watan Maris na 1757 ya auri Jane Nugent, 'yar wani likita ɗan Katolika mai suna Christopher Nugent. Sun haifi 'ya'ya maza biyu: Richard, wanda aka haifa a 1758, da Christopher, wanda ya rasu yana ƙarami. A 1758 ya ƙulla yarjejeniya da mawallafi Robert Dodsley ya riƙa shirya Annual Register, kundin da ke tattara muhimman abubuwan da suka faru a kowace shekara. A 1764 yana cikin waɗanda suka kafa wani zauren hira na masana a Landan, tare da Samuel Johnson, Joshua Reynolds da Oliver Goldsmith.

Shiga majalisa

Burke ya fara ɗanɗana siyasa a matsayin sakataren William Gerard Hamilton, wanda aka naɗa babban sakataren Ayilan a 1761. Sun ɓata a 1765, kuma a watan Yulin shekarar ya zama sakataren Lord Rockingham, sabon Firaminista. A watan Disamba aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Wendover, ƙaramar mazaɓa da ke aljihun wani attajiri, Lord Verney. Gwamnatin Rockingham ta yi kusan shekara ɗaya kacal, daga nan Burke ya shafe kusan shekara 16 a ɓangaren adawa. A 1768 ya sayi wani gida mai gona kimanin eka 600 kusa da garin Beaconsfield, mafi yawan kuɗin na bashi ne, kuma bashin ya bi shi har tsufa.

A 1770 ya fitar da ƙasida a kan musabbabin rashin jin daɗin da ake fama da shi a ƙasar. Ya zargi fadar Sarki George na III da amfani da muƙamai da kuɗi wajen sayen 'yan majalisa, ta yadda majalisar da aka kafa don ta taka wa sarauta birki ta koma 'yar amshin shata. Maganin da ya kawo shi ne jam'iyyar siyasa, wato haɗuwar mutanen da suka yarda da wata manufa don su yi wa ƙasa aiki a kanta. A lokacin ana yi wa jam'iyya kallon ƙungiyar 'yan son zuciya, shi ya sa ake lissafa ƙasidar cikin rubuce-rubucen farko da suka kare tsarin jam'iyyu.

Rikicin Amurka da kujerar Bristol

Burke ya shiga majalisa ana tsakiyar rigimar harajin kan sarki da Birtaniya ta ɗora wa yankunanta na Amurka a 1765, kuma ya goyi bayan soke harajin a 1766. Daga 1771 zuwa 1775 shi ne wakilin majalisar New York a Landan. A jawabinsa na 19 ga Afrilu, 1774, ya nemi a janye harajin ganyen shayi. A na 22 ga Maris, 1775, ya gabatar da shawarwarin sulhu, amma majalisa ta yi watsi da su da ƙuri'a 270 a kan 78, kuma ba a cika wata ɗaya ba yaƙi ya ɓarke.

Bai tsaya jayayya a kan ko majalisa tana da ikon sa haraji a takarda ba. Abin da ya dame shi shi ne ko amfani da ikon hikima ne. A ganinsa Amurkawa jikokin Ingilishi ne da suka saba da tsara harajinsu ta hannun majalisunsu, don haka gwamnatin Landan ce ta zo da sabon abu, su kuwa tsohon haƙƙi suke karewa. Ya kuma yi gargaɗin cewa ƙarfin soja ba ya dawwama wajen riƙe mutanen da teku ya raba da masu mulkinsu.

A 1774 aka zaɓe shi wakilin Bristol, ɗaya daga cikin manyan biranen kasuwanci na Ingila. A jawabin godiya ya faɗa wa masu zaɓe cewa wajibi ne wakili ya saurare su ya kuma fifita buƙatunsu a kan nasa, amma ba zai sarayar da hankalinsa da lamirinsa don bin umarninsu ba, domin majalisa wurin shawara ne na ƙasa ɗaya. Har yau ana karantar da wannan jawabi a darussan kimiyyar siyasa.

Ba a daɗe ba aka jarraba shi a kan maganarsa. A 1778 ya goyi bayan sassauta takunkuman cinikin da aka ƙaƙaba wa Ayilan, abin da 'yan kasuwar Bristol suka ƙi jini, ya kuma goyi bayan dokar da ta rage wa 'yan Katolika takura. A watan Yunin 1780 zanga-zangar ƙin wannan doka, ƙarƙashin jagorancin Lord George Gordon, ta rikiɗe zuwa tarzoma a Landan, ɗaruruwan mutane suka mutu, har sai da sojoji suka yi gadin gidan Burke. Bayan an kwantar da tarzomar ya roƙi gwamnati ta taƙaita yawan waɗanda za a rataye. A zaɓen shekarar ya ga ba zai kai labari a Bristol ba, sai ya janye. Rockingham ya samar masa kujerar Malton, wadda ya riƙe har ya bar majalisa.

Muƙami da gyaran gwamnati

Da Rockingham ya dawo mulki a 1782, an naɗa Burke mai biyan albashin sojoji, amma ba a sa shi cikin majalisar ministoci ba, kuma bai taɓa shigarta ba har ya mutu. A ɗan lokacin da ya yi a ofis ya samar da dokar da ta soke muƙamai fiye da 130 na fada da na gwamnati, waɗanda yawancinsu albashi ne ba aiki. Ya kuma kawo ƙarshen al'adar da masu riƙe da ofishinsa ke ajiye kuɗin gwamnati a hannunsu suna cin ribarsu, aka koma ajiye su a Bankin Ingila. Rockingham ya rasu a watan Yulin 1782, Burke ya ajiye aiki. Ya sake riƙe muƙamin a 1783 a gwamnatin haɗin gwiwa ta Charles James Fox da Lord North, wadda ta faɗi a watan Disamba, William Pitt ƙarami ya zama Firaminista.

Duk da son gyara, Burke ya ƙi amincewa da faɗaɗa 'yancin zaɓe da sake fasalin mazaɓu, yana ganin za su taɓa tushen tsarin mulki. A kan cinikin bayi, ya tsara wani daftari a 1780 na sa wa cinikin ƙa'idoji da 'yanta bayi sannu a hankali, kuma a 1789 ya yi jawabin goyon bayan William Wilberforce a yunƙurinsa na haramta cinikin.

Indiya da shari'ar Warren Hastings

Tun 1765 kamfanin East India na Birtaniya ke karɓar haraji a yankunan Bengal, Bihar da Orissa, ya zama ɗan kasuwa kuma mai mulki a lokaci ɗaya. Daga 1781 Burke ya yi aiki a kwamitin majalisa da ya binciki harkokin kamfanin, ya kuma rubuta wasu daga cikin rahotanninsa. Binciken ya kai shi ga cewa matasan ma'aikata na zuwa Indiya su tara dukiya cikin gaggawa su koma gida su sayi kujerun majalisa, ta yadda zaluncin da ake yi a can zai dawo ya lalata siyasar Birtaniya. Ya goyi bayan ƙudirin Fox na 1783 na ƙwace mulki daga hannun kamfanin, amma sarki ya sa baki Majalisar Dattawa ta kayar da shi.

Daga nan ya mai da hankali kan Warren Hastings, wanda ya shugabanci mulkin kamfanin a Bengal daga 1772 zuwa 1785. A 1787 Majalisar Wakilai ta amince a gurfanar da shi a gaban Majalisar Dattawa. Zarge-zargen sun haɗa da tatsar kuɗi daga Chait Singh, sarkin Benares, da ƙwace dukiyar manyan matan gidan sarautar Oudh, da karɓar kyaututtuka, da raba kwangila ga 'yan gaban goshi. An fara shari'ar ranar 13 ga Fabrairu, 1788, a zauren Westminster, kuma jawabin buɗewa na Burke ya ɗauki kwana huɗu.

Hastings ya kare kansa da cewa mulkin kama-karya ne al'adar Asiya, kuma halin da ya samu kansa ne ya tilasta masa. Burke ya ƙaryata duka biyun. Ya ce abin da yake zalunci a Ingila zalunci ne a Indiya, domin ƙa'idar ɗabi'a ba ta sauyawa don an tsallaka teku. Ya kuma kafa hujja da dokokin Hindu da shari'ar Musulunci, yana mai nuna cewa a Musulunci sarki ma yana ƙarƙashin shari'a kamar talakansa.

Shari'ar ta ɗauki shekara bakwai, jama'a suka gaji da ita, kuma zafin kalaman Burke ya sa wasu suka koma tausaya wa wanda ake tuhuma. An kuma zarge shi da dogara ga bayanan Philip Francis, tsohon abokin gabar Hastings. A watan Afrilun 1795 dattawa 29 da suka yanke hukunci suka wanke Hastings daga dukkan zarge-zargen. Duk da haka Burke ya ɗauki aikin da ya yi a kan Indiya a matsayin mafi muhimmanci a rayuwarsa.

Juyin juya halin Faransa

Lokacin da juyi ya ɓarke a Faransa a 1789, 'yan Whig da yawa, ciki har da Fox, sun yi murna, suna ganin Faransawa sun bi sahun juyin da aka yi a Ingila a 1688. Burke ya fara zura ido. Abubuwa uku suka sa ya ɗauki matsayi: yadda gungun jama'a suka kutsa fadar Versailles ranakun 5 da 6 ga Oktoba suka taso ƙeyar sarki da iyalinsa zuwa Paris, da ƙwace kadarorin coci a watan Nuwamba, da kuma huɗubar da wani malamin addini, Richard Price, ya yi a Landan ranar 4 ga Nuwamba, inda ya ce juyin 1688 ya tabbatar wa jama'a ikon zaɓen sarakunansu da tuɓe su.

Amsarsa ita ce littafin Reflections on the Revolution in France, wato tsokaci a kan juyin Faransa, wanda ya fito ranar 1 ga Nuwamba, 1790, a siffar wasiƙa zuwa ga wani matashi Bafaranshe. An sayar da shi sule biyar, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayar da fiye da kwafi 10,000, aka kuma fassara shi zuwa Faransanci. Friedrich von Gentz ya fassara shi zuwa Jamusanci a 1793.

A littafin ya ce juyin 1688 an yi shi ne don a ceto tsohon tsarin mulki daga sarkin da ya keta shi, kuma Ingilishi sun riƙa neman 'yancinsu ne a matsayin gado, tun daga yarjejeniyar Magna Carta ta 1215. Faransawa kuwa sun rushe komai a lokaci ɗaya, sarauta, coci, kotuna da tsoffin larduna, suka nemi gina ƙasa daga ƙa'idojin da aka tsara a takarda. Ya yarda cewa tsohon mulkin Faransa yana da aibobi, amma ya ce ana iya gyara su. Ya soki takardun kuɗin da aka buga bisa jinginar filayen coci, da majalisa guda da babu mai taka mata birki. Ya yi hasashen cewa abin zai kai ga zub da jini, kuma a ƙarshe wani janar mai farin jini a wurin sojoji zai mallaki ƙasar. An kashe Sarki Louis na XVI a Janairun 1793, aka shiga mulkin ta'addanci na 1793 zuwa 1794, sannan Napoleon Bonaparte ya karɓe mulki a 1799, shekara biyu bayan rasuwar Burke.

Littafin ya jawo raddi masu yawa. Mary Wollstonecraft ta mayar da martani a watan da ya fito, Thomas Paine kuma ya wallafa Rights of Man a 1791. Paine ya ce matattu ba su da ikon ɗaure rayayyu, kuma ya zargi Burke da zubar da hawaye a kan Sarauniya Marie Antoinette alhali ya manta da talakawan da suka sha wuya a tsohon mulki. Wani wuri da Burke ya kwatanta gungun jama'a da aladu ya zama abin yi masa gori na shekaru. James Mackintosh, wanda shi ma ya rubuta raddi a 1791, ya sauya ra'ayi daga baya har ya ziyarce shi a 1796.

Rabuwa da Fox

Saɓanin ya fashe a majalisa ranar 6 ga Mayu, 1791, yayin muhawara a kan tsarin mulkin yankin Quebec na Kanada. Burke ya so ya yi magana a kan Faransa, 'yan jam'iyyarsa suka riƙa katse shi. A ƙarshe ya shelanta cewa abotarsa da Fox ta ƙare. Fox ya miƙe ya mayar da martani yana hawaye, amma ba su sake shiryawa ba. A watan Agusta Burke ya wallafa ƙasidar da ya nuna cewa shi ne ke kan aƙidar 'yan Whig na asali.

Da farko ya zama saniyar ware a jam'iyyar. Amma da al'amura suka ƙazanta a Faransa, aka kuma shiga yaƙi da ita a Fabrairun 1793, ra'ayin manyan jam'iyyar ya karkato gare shi. A 1794 ɓangaren da Duke na Portland ke jagoranta ya shiga gwamnatin Pitt, aka bar Fox da tsirarun magoya baya.

Ra'ayinsa a kan doka, ɗabi'a da addini

Burke bai rubuta littafi guda da ya tsara falsafarsa ba. Daga jawabai da ƙasidu ake tattaro ta. Ya yi imani cewa akwai doka ta Ubangiji da ke sama da dokokin mutane, kuma dokar da ta saɓa wa adalci ba ta da hurumi ko da majalisa ce ta kafa ta. Da wannan hujja ya soki dokokin danne 'yan Katolika, yana ganin dokar da aka kafa don cutar da mafi yawan jama'a ba ta cancanci sunan doka ba.

Ya ɗauki al'umma a matsayin amanar da ta haɗa magabata, masu rai da waɗanda za a haifa. Hankalin mutum ɗaya kaɗan ne, don haka al'adu da cibiyoyin da suka daɗe suna ɗauke da hikimar da ba kullum ake iya bayyana dalilinta ba. Ƙaunar ƙasa kuma daga gida da unguwa take farawa. Duk da haka ya nace cewa ƙasar da ba ta da hanyar yin gyara ba za ta iya kare kanta ba. Sharaɗin shi ne gyaran ya zo sannu a hankali, kuma ya tsaya a inda cutar take.

A ganinsa 'yanci yana buƙatar kamun kai: gwargwadon yadda mutane suka kasa riƙe son zuciyarsu, gwargwadon yadda za a buƙaci ƙarfin hukuma a kansu. Shi ya sa ya ba tarbiyya da ladabi muhimmanci fiye da dokar da ke rubuce, ya ɗauki addini a matsayin ginshiƙin zaman jama'a, ya kuma soki dokar sauƙaƙa sakin aure da Faransa ta kafa a 1792. Bai goyi bayan tsananin horo ba: a 1780 ya yi magana a majalisa a kan sa masu laifi a turu a bainar jama'a, bayan wani mutum ya mutu a ciki. A fannin tattalin arziki ra'ayinsa ya yi kusa da na Adam Smith, kuma a 1795, lokacin tsadar hatsi, ya rubuta cewa bai kamata gwamnati ta tsoma baki a farashin abinci da ladan ƙwadago ba.

Ƙarshen rayuwa

Burke ya bar majalisa a watan Yunin 1794 bayan kammala jawabinsa na ƙarshe a shari'ar Hastings. Ɗansa Richard ya gaji kujerar Malton, amma ya rasu a watan Agustan shekarar, abin da ya karya wa mahaifin zuciya. An yi niyyar ba shi sarautar Lord, amma da ya rasa magaji aka bar maganar, aka yanka masa fansho. Duke na Bedford ya soki fanshon, Burke ya mayar masa da martani mai zafi a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1796, yana tuna masa cewa dukiyar gidansu ma kyautar sarki ce.

Ya ci gaba da neman haƙƙin 'yan Katolika na Ayilan, waɗanda suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1793, yana gargaɗin cewa hana su cikakken haƙƙi zai tura su hannun 'yan juyi. Ya yi rubutu yana adawa da yin sulhu da gwamnatin juyi ta Faransa, ya kuma kafa makaranta a ƙauyen Penn don 'ya'yan Faransawa masu gudun hijira. Da ciwo ya tsananta Fox ya nemi ganinsa, amma ya ƙi. Ya rasu a Beaconsfield yana da shekara 68. Fox ya ba da shawarar a binne shi a cocin Westminster tare da manyan ƙasa, amma aka bi wasiyyarsa aka binne shi a cocin Beaconsfield. Matarsa ta rasu a 1812.

Tasiri da suka

Burke bai taɓa kiran kansa mai ra'ayin mazan jiya ba, kuma jam'iyyar Conservative ta Birtaniya sai a shekarun 1830 ta samu wannan suna. A ƙarni na 19 masu sassaucin ra'ayi irin su William Gladstone da John Morley sun girmama shi saboda matsayinsa a kan Amurka, Ayilan da Indiya, yayin da Karl Marx ya zarge shi da zama ɗan koren masu kuɗi. Daga ƙarshen ƙarnin ne, lokacin muhawarar ba Ayilan 'yancin cin gashin kai, aka fara jingina shi da ra'ayin mazan jiya. A Amurka, littafin Russell Kirk na 1953, The Conservative Mind, ya kafa shi a matsayin tushen wannan aƙida.

Har yau sunansa na fitowa a muhawara kan ko ya dace doka ta kare ɗabi'un da al'umma ta gada. Masu sharhi kan danganta shi da matsayin alƙali Patrick Devlin, wanda ya ce a 1959 al'umma na da haƙƙin kare ɗabi'unta ta hanyar doka, saɓanin masanin shari'a H. L. A. Hart. Ana kuma kafa hujja da shi wajen gargaɗi a kan yunƙurin sake gina wata ƙasa daga waje ba tare da la'akari da tarihinta ba.

Masu suka na cewa girmama abin da aka gada yana iya zama mafakar rashin adalci, kuma Burke ya fifita masu sarauta da masu gonaki a kan talakawa. A kan Indiya ma an rabu: wasu na yaba masa da mutunta al'adun mutanen da aka mallake, wasu kuma na nuna cewa mulkin mallakar ya nemi tsabtacewa, bai nemi a kawo ƙarshensa ba. Akwai mutum-mutuminsa a ƙofar Kwalejin Trinity da ke Dublin, da birnin Bristol, da kuma birnin Washington na Amurka.